Kujerar jikin bango mai naɗewa: a duba bulo kafin a duba kwali

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin kemis ko shagon tela a cikin gari ya san yadda benci ɗaya ke cinye hanya. Mai jira ya zauna, mai shigowa ya rasa wurin aje ƙafa, da dare kuma sai an ɗora bencin kan kanta kafin a ja ƙofa. Wannan matsin ne ya sa kujerar da ake kafawa a jikin bango ta samu karɓuwa: a sauke ta a zauna, in an tashi a ɗage ta ta lafe da bango. Kaya ce mai amfani ƙwarai, ta kuma cancanci kuɗinta a soro, da ƙofar ɗaki inda ake saka takalmi, da banɗakin tsoho ko mara lafiya. Sai dai yawancin waɗanda suka yi da-na-sanin sayenta ba kujerar ce ta ba su kunya ba. Bangon ne ya saki, kuma ƙusoshin da suka zo a cikin kwalin ne suka jawo.

Wadda aka fi gani a kasuwa 'yar waje ce, ta zo a haɗe. Faranti ne na ƙarfe da ake ɗaurewa a bango, da hinji biyu, da wurin zama na roba mai tauri ko katako ko alminiyom. Faɗinta yawanci santimita 32 zuwa 38 ne, zurfinta daga bango zuwa baki 30 zuwa 35, in an naɗe ta kuma ba ta cika fitowa fiye da santimita 10 ba. A nan ba ta da abin kushewa. A lungun da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba, kujerar roba ta tsare rabin hanya, wannan kuwa ko buhu za a wuce da shi ba za ta taɓa ka ba. Iri biyu ce: mai rataye, wadda bango kaɗai ke ɗauke da ita, da mai ƙafa, wadda ƙafafu biyu ke sauka su taka ƙasa idan an buɗe ta. Mai ratayen ta fi kyan gani, ta fi sauƙin shara a ƙarƙashinta. Mai ƙafar ta fi dacewa da gine-ginenmu, domin ba bango kaɗai take bar wa nauyin ba, kuma ga dalilin da ya sa hakan ke da muhimmanci.

Za ka ga an rubuta a kwali cewa tana ɗaukar kilo 120, ko 150, wata ma har 200. Wannan adadin na ƙarfen kujerar ne idan an kafa ta a bango mai ƙarfi irin na kankare. Bai ce komai game da bulon gidanka ba. Idan mutum ya zauna, nauyinsa ba ƙasa kawai yake dannawa ba. Yana fizgo notunan sama daga cikin bango, kamar yadda bakin guduma ke ciro ƙusa. Lissafin ba wuya. Ɗauki mutum mai kilo 90 da ya zauna kusa da baki, nauyinsa ya sauka santimita 25 daga bango. In tazarar notin sama da na ƙasa santimita 12 ce kacal, kamar yadda take a ƙananan kujerun nan, fizgar da ke kan layin sama ita ce 90 sau 25 a raba da 12, wato kusan kilo 188. Noti biyu ne a saman, kowanne na shan kimanin kilo 94. Wannan fa idan ya zauna a hankali ke nan. Tsoho mai ciwon gwiwa ba ya zama a hankali, sakin jikinsa yake yi ya faɗa, kuma bugun ya fi nauyinsa nesa ba kusa ba. Yanzu a ce farantin doguwa ce, tazarar ta kai santimita 30: fizgar ta sauko kilo 75, kowane noti ƙasa da 40. Saboda haka idan kana zaɓe tsakanin biyu, auna tsayin farantin baya da tef, ka ɗauki mafi tsayi. Wannan awon ya fi lambar da ke kwali faɗa maka gaskiya.

Bulon da muke gini da shi, mai inci 9 da mai inci 6, rami ne a cikinsa. Naman da ke tsakanin fulasta da ramin bai cika wuce inci ɗaya zuwa biyu ba, kuma in mai buga bulon ya ja buhun siminti ya fitar da fiye da kima, da farce ma kana iya kankare shi. Kwalin kuwa yakan zo da fisha ta roba mai milimita 8 ko 10 da ƙusa mai murɗi. Fishar tana riƙo ne ta hanyar buɗewa ta matse jikin ramin da aka huda. A irin wannan bulo rabinta na lilo a cikin iska, sauran rabin na matse yashi. Ranar farko za ka ji ta daram. Bayan makonni sai ka fara ganin garin siminti a ƙasa daidai ƙarƙashin kujerar, sannan wata siririyar tsaga tsakanin saman farantin da bango, wadda takardar kuɗi za ta iya shiga. Da ka ga waɗannan biyun, a daina zama a kai. Ƙara ɗaure notin ba ya gyara komai, ramin yake ƙara faɗaɗawa. Babban notin nan mai buɗewa da ake kira rol bolt shi ma ba na bulo mai rami ba ne. A kankare gwani ne, a bulo kuwa yana fasa naman tun wurin ɗauri.

Hanya mafi inganci kuma mafi araha ita ce a cika ramin bulon. Kujerar tana zama ne wajen santimita 45 daga daɓe, tsayin bulo kuma santimita 22 da rabi ne, ka ga notunan a layi na biyu za su faɗa, ko bakin na uku. Magini ya buɗe ƙofa kamar tafin hannu a layin da ke sama da su, a kan kowane rami da noti zai shiga, ya jiƙa ciki da ruwa, ya zuba kankare mai ɗan ruwa-ruwa: siminti ɗaya, yashi biyu, ƙananan tsakuwa huɗu. Ya riƙa zungura da guntun rodi har ya cika, don kwaɓin da ya zube lokacin gini yakan toshe hanya a bar kogo a ƙasa. A toshe, a yi fulasta, a ba shi aƙalla kwana 7 kafin a huda. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Bayan nan rol bolt mai milimita 10 zai riƙe yadda ake so.

In ba ka son fasa bango kuma bayan bangon naka ne, a huda har ya ɓulla, a zura sandar ƙarfe mai zare ta milimita 10, a sa faffaɗan faranti mai kaurin milimita 5 a bayan, da washa da noti. Farantin a nutsar da shi cikin fulasta a rufe. Kada a ɗaure da dukkan ƙarfi, bulo mai rami yana murƙushewa. Hanya ta uku ita ce gam ɗin noti da ake matsawa da bindiga, tare da 'yar ragarsa ta roba wadda ke riƙe gam ɗin a cikin ramin bulo. Raga mai milimita 16 ce ke ɗaukar sandar 8 ko 10. Yana aiki, amma yana da sharuɗa. A kashe bugun guduma na injin huda, in ba haka ba bayan naman bulon zai farfashe. A goge ramin a hure ƙurar sarai, domin gam a kan ƙura bai kama komai ba. A zubar da matsin farko har launin gam ɗin ya zama bai ɗaya. Kuma a zafin bazara yana daskarewa cikin 'yan mintoci, don haka a jera komai a hannu kafin a fara. Duk da haka ƙarfinsa bai wuce ƙarfin bulon ba.

Bangon ƙasa ko na tubali ɗanye ba wurin wannan kujera ba ne, haka ma shingen filawud. A can sai dai mai walda ya yi firam mai ginshiƙai biyu da aka binne a daɓe, kujerar ta rataya a kansa. A shagon kwantena ma kada a ɗaura ta a fallen jikin. A yi waldar bututu mai kusurwa huɗu daga ƙasa zuwa sama, a kafa a kansa.

Kafin bakin injin ya taɓa bango, duba soket. Masu wayarin sukan sa shi wajen santimita 45 daga ƙasa, daidai layin da kujerar ke nema, bututun wayar kuma yakan bi miƙe sama, ko ƙasa, ko gefe zuwa soket na gaba. A banɗaki bututun ruwa ne abin tsoro, musamman ƙarƙashin famfo da shawa. In akwai tayil, ƙwanƙwasa shi da sufana: wanda ya yi ƙarar kogo zai tsage da zarar an matse farantin a kansa. A manna tef mai gam a wurin, a huda tayil da bakinsa na musamman ba tare da bugu ba, a kuma cusa silikon a ramin kafin noti don kada ruwa ya bi ta nan ya jiƙa bango. Tsayin wurin zama daga santimita 43 zuwa 48 ne ya fi yi wa yawancin manya daɗi. Wannan ne ma awon da dokar naƙasassu ta Amurka ta ɗora wa kujerar wanka, tare da sharaɗin ta jure nauyin kusan kilo 113. Ga mai ciwon gwiwa a kai ta 48, tashi ya fi sauƙi, a kuma kafa masa marikin ƙarfe a gefe. Mai ƙafa kuwa tsawon ƙafarta ne ke yanke tsayin. Buɗe ta, tsayar da ƙafafun a daɓe, sannan ka yi alamar ramuka. Masu fara hudawa kafin wannan sukan ƙare da ƙafa tana lilo, tsakaninta da daɓe faɗin ɗan yatsa ɗaya, wato sun sayi mai ƙafa sun kafa mai rataye. Daɓen banɗaki a gangare yake, don haka nemi wadda ƙasan ƙafarta ke da robar da ake murɗawa.

Game da ƙarfen, kalmar "silba" ko "ba ta tsatsa" a bakin mai shago ba ta isa ba. Nemi lamba 304, wato lambar da ke nuna nau'in ƙarfen, a jiki ko a takarda. Mai lamba 201 tana ƙyalli iri ɗaya a shago, amma a wurin wanka da alwala takan fara ɗigon tsatsa a bakin walda, kuma mayen ƙarfe ba ya bambance su yadda ake zato. Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne sandar cikin hinji. Wasu masu ƙerawa sukan yi jiki da ƙarfe mai kyau su sa sandar baƙin ƙarfe. Buɗe ta ka rufe sau goma a shagon, ka girgiza ta gefe da gefe. In tana kaɗawa tun tana sabuwa, bar ta. Duba kuma ko tana tsayawa da kanta idan an ɗage. Mai sifirin da ke komawa da ƙarfi tana yin ƙara, kuma tana datse yatsun yara a tsakanin wurin zama da faranti. A gidan da ke da ƙanana, mai saukowa a hankali ko mai sakata a sama ta fi.

Wanda ke son benci na mutum biyu zai fi samun biyan buƙata wurin kafinta da mai walda. Ana sayar da biraket mai naɗewa da ɗan kunnen da ake dannawa ya saki. A kasuwannin kayan gini irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Katako a Yamai nan ne wurin nema. Yawancinsu na kanta da tebur ne, don haka a zaɓi mai kauri, a sa uku a benci mai mita ɗaya maimakon biyu, a ƙara ƙafa mai naɗewa a gaba. Katakon ya zama maɗaci ko loko busasshe mai kaurin inci ɗaya, ko filawud mai jure ruwa na milimita 18. Ɗanyen katako zai kantare ya tsage da hunturun farko, ƙusoshinsa su saki. A shafa masa maganin gara da fenti har ƙasa da gefuna, a kuma ɗaure shi da noti mai ɓulla katako, ba gajerun ƙusoshi daga ƙasa ba.

Akwai kuma wadda ke shigewa cikin bango gaba ɗaya ta yi daidai da fulasta. Ita ce mafi kyau a ido, amma a tsohon gini ba ma ba da shawararta. Gurbin yana buƙatar zurfin santimita 8 zuwa 10. A bulo mai inci 6 kusan ka ɓula ɗakin maƙwabci ke nan, a mai inci 9 kuma ka cire fuska ɗaya ta bangon, ka bar kujerar ba abin kamawa. A jikin fila, wato ginshiƙin kankare da ke ɗauke da gini, ba a ko fara yanka. In gini ake yi sabo, abin mai sauƙi ne: a bar gurbin tun wurin jera bulo, a zuba ɗan lintal a samansa, a cika ramukan gefe da kankare, a binne firam ɗin angul a ciki, hinjin ya kama firam ɗin.

Kowace iri aka kafa, kada mutum ya zama ɗan gwaji. Ja layi da fensir a bango daidai saman farantin, ka ɗora buhun siminti biyu a wurin zama, kilo 100 ke nan, ka matso da su baki. In tsoho ko mai jiki ne zai yi amfani da ita, ƙara na uku, muddin bai haura adadin da ke kwalin ba. A bar su su kwana. Da safe duba layin fensir ɗin, duba ƙasa ko akwai garin siminti, gwada cusa takarda a bayan farantin. In komai na nan yadda ka bar shi, a sauke buhunan a fara zama. Bayan mako biyu a sake bin notunan da sufana, sannan a ɗiga wa hinjin mai duk bayan 'yan watanni, musamman idan ƙurar hunturu ta wuce.