Sharhi: mai kula da tsohuwa a gida, inda aikin ya yi kyau da inda ya gaza

Wannan sharhi ne kan aikin wata mata da ke zuwa kullum tana kula da tsohuwarmu a nan Damagaram, daga ƙarfe 7 na safe zuwa bayan la'asar, ana biyanta a wata. Tsohuwar ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, amma tana zama kuma hankalinta garau. Aikin matar wanka ne, sauya tufafi da shimfiɗa, ciyarwa, kai ta bayan gida da zama da ita. Allura, wanke ciwo da canza magani ba nata ba ne, na ma'aikatan likita ne, kuma ba ta taɓa tsallake wannan iyaka ba. Wannan shi ne yabo na farko.

Inda ta fi burge mu shi ne ɗagawa. Yawancin 'yan gida hannu suke ja ko su cusa hannuwa a hammata, wanda shi ke gurɗe kafaɗar tsoho, ya kuma karya bayan mai ɗagawa. Ita kujera take fara kawowa dab da gado, ta ɓangaren jikin da ya fi ƙarfi. Sai ta juya tsohuwa gefe, ta sauko da ƙafafu, ta zaunar da ita bakin gado kamar minti ɗaya ko biyu, domin tsoho in ya miƙe da sauri jiri ke kwasarsa. Tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba silifas mai santsi. Daga nan ta ɗaura mata zani mai ƙarfi a ƙugu, ta riƙe ta nan, ta tokare gwiwar tsohuwa da tata gwiwar, ta ce: "Inna, a dafa kafaɗata, bismillah, mu tashi." Ba fizga, ba gaggawa.

Wanka a zaune take yi, kan kujerar roba mai hannu, da bokiti biyu: ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya. Da gwiwar hannu take gwada ɗumin ruwa, don tafin hannun mai aiki ya saba da zafi, ƙarya yake yi. Fuska ake farawa, al'aura a ƙarshe da tsumma daban, kuma zani na rufe duk inda ba a kai ba. Kunyar tsohuwa ba ta tsufa. Wurin tsanewa ta fi daɗewa: ƙarƙashin nono, matsematsi, tsakanin yatsun ƙafa, domin danshin da ya kwana a lanƙwasar fata shi ke zama kurji. Da hunturu ta shafa man kaɗanya a ƙafa da baya, ta kuma jinkirta wankan zuwa hantsi. Ta hana a bar kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa, kuma tana da gaskiya, hayaƙin da ba a gani yana kisa cikin barci.

A lokacin wanka take duba fata, kuma wannan kaɗai ya isa kuɗinta. Gyambon kwanciya daga ƙashin mazauni, dugadugai da ƙugu yake farawa. A fata mai duhu ba lalle a ga ja ba. Wurin kan ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri fiye da kewayensa. In ta ga haka ba ta murzawa, tana ɗauke nauyi daga wurin ta sanar da 'yan gida a kira ma'aikacin lafiya. Ranar da tsohuwa ta wuni kwance, kowane awa 2 take juya ta, matashi tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su rataya.

Ciyarwa ba laifi. A zaune tsaf, ƙaramin cokali, koko ko fura mai ɗan kauri, tuwo mai laushi da miyar kuka, sannan rabin awa a zaune kafin a kwanta. Ruwa tsinke ya fi saurin sarƙe tsoho fiye da kunu. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ba ta jiran a ce ana jin ƙishi, domin tsofaffi ƙishirwarsu ba ta faɗa musu gaskiya. Gorar lita ɗaya da rabi take cikawa da safe, tana bayarwa kurɓi-kurɓi, da yamma kowa ya ga abin da ya rage. Wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ƙoda ko zuciya, umurnin likita za a bi.

To, ga inda aka gaza. Na farko dare. Tana tafiya, kunzugun manya da ta sa da la'asar shi ke kai safe in ba wanda aka ɗora wa aikin, kuma fitsarin da ya kwana yana rushe duk abin da ta gyara da rana. Faɗuwa ma da dare ta fi yawa, in an ɗauke wuta tsohuwa ta nemi fo a duhu. Gidan da zai ɗauki irin wannan aiki ya fara sanin wa zai kwana a ɗakin, da tocila da fo kusa da gado. Mun kuma ga kunzugu biyu a haɗe don a tsimi kuɗi. Ba ya tsimin komai, na ciki ledarsa ke tare ruwa ya tsiyaye ta gefe.

Na biyu ruwa. Kowa ya san halin famfo a garin nan. Wanka, wankin zannuwa da ledar gado da wanke fo suna cin aƙalla jarka 2 ta lita 25 a rana, ranar gudawa kuwa fiye. Ranar da ɗan garuwa bai zo ba, wanka ya koma shafe-shafe da tsumma. Ba laifinta ba ne, amma sai a ware wa tsohuwa tunkunta daban.

Na uku laifin nata ne: ba ta rubuta komai, kuma ranar biki ko rasuwa a danginta ba ta da madadi. Ƙaramin littafi ya magance na farkon, a riƙa sa abin da aka ci, ruwa nawa, bayan gida yaushe. Kwana 3 ba bayan gida, a nemi shawarar likita. Madadi kuwa sai a tsayar tun ranar ciniki, tare da kuɗin kabu-kabu, ranar hutu, da sharaɗin cewa ba a aikenta kasuwa ko a ɗora mata girkin gida. Da an fara ɗora mata waɗannan ayyuka tsohuwa ce ke zama ita kaɗai.

Ga tsohuwar da ke da mai kwana da ita, aikin ya cancanci kuɗinsa. Tsoho namiji a nema masa namiji, ko da zai fi wuyar samu. Da yawansu gara su ƙi wanka da mace baƙuwa ta taɓa su. Mai ruɗewar tsufa da ke fita da dare kuwa, mai aikin rana ita kaɗai ba za ta ishe shi ba.