Wata takwas a kan keken tsere na alminiyam, ga yadda na same shi

Duk wanda ya tare ni a kan keken nan tambaya biyu yake min, nawa ka saya, sannan wai bayanka ba ya ciwo da wannan sunkuyon? To bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Na hannu na saya, irin wanda ake shigowa da su daga Turai, kuma gaskiya kuɗin ya tsaya min a rai kwana biyu don da na ƙara kaɗan babur zan hau. Firam ɗin, wato gangar jikin keken, alminiyam ne samfurin 6061, ƙafar da ke riƙe tayar gaba kuma kabon ce, wani haɗi mai ƙarfi marar nauyi, giya Shimano 105 mai 11 a baya biyu a gaba, birki na roba mai kama rim. Ranar da na kawo shi na ɗora a sikelin mai sayar da gas na layinmu, kilo 9 ba kaɗan, mutumin ya ɗaga shi da yatsa biyu yana dariya wai wannan ai kwali aka sayar min. Na 'yan gasa na gaske ya fi haka rashin nauyi, dokar hukumar tseren keke ta duniya ma cewa ta yi kada ya gaza kilo 6.8, amma ni da na taso a kan Phoenix ɗin babanmu wannan ɗin ma kamar babu komai a ƙarƙashina nake ji.

Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne ƙirar yanka iska. Ƙarafan jikinsa ba zagayayyu ba ne irin na Raleigh, gabansu siriri ne bayan kuma kamar an datse da wuƙa, da ƙarfin ruwa ake hura su a cikin mazubi har su ɗau wannan siffar, wayoyin giya da birki kuma duk sun shige cikin firam ba abin da ke reto a waje. Yana aiki? Eh, amma da sharaɗi, kuma wannan ne mai sayarwa ba zai gaya maka ba. In kana tafiyar kilomita 18 ko 20 a awa cikin gari kana kauce wa adaidaita sahu wallahi ba wani bambanci da za ka ji, keke ne kawai mai kyan gani. Sai ka haura 30 sannan zai fara nuna maka abin da ka biya, saboda turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu ita sau huɗu take ninkuwa. Kuma mafi yawan iskar jikinka take duka ba keken ba, don haka in ka hau da babbar riga tana kaɗawa ka zauna ƙiƙam to ka yi asarar kuɗin yanka iskar.

Inda na fi jin daɗinsa hanyar Zariya ce, mukan tashi daga Na'ibawa bayan asuba ranar Asabar mu je Kura mu dawo kafin manyan motoci su yi yawa. A kwalta mai santsi abin ba a magana, kana taka feda yana zabura nan take, ba ya lanƙwasa ba ya cinye maka ƙarfi, in ka miƙe tsaye ka danna sai ka ji kamar wani ya turo ka ta baya. Akwai wata safiya cikin hunturu da muna dawowa iska na bugo mu ta gaba, na kama ƙasan mariƙin keken na kwantar da ƙirji, abokina da ke kan keken kabon mai tsadar da ta ninka tawa yana bayana yana fakewa da ni har Kwanar Dawaki bai iya wucewa ba. Ba zan ce duk keken ne ba, ya sha shayi da burodi da yawa a ranar, amma dai na ji daɗi.

Yanzu maganar jijjiga, wadda ita ce kowa ke tsoro da alminiyam. Satin farko na kusa mayar da shi. Tayar da ya zo da ita lamba 25 ce, wato faɗinta milimita 25, ni kuma na ɗirka mata iska har 110 a ma'aunin famfo don an ce min haka ake yi, duk tsakuwar da na taka sai na ji ta a haƙorina, hannuwa su yi sanyi su mutu, in na shiga inda kwalta ta farfashe kuwa har ruwan gorata sai ya yi kumfa. Na ɗora wa firam laifi na ce shi kenan alminiyam ba na hanyarmu ba ne. Wani dattijo da muke fita tare ya matsa tayar da babban yatsa ya ce, "Kai yaro, dutse ka hau ko keke?" Shi ya sa na koma lamba 28 na sauke iska zuwa wajen 75, na kuma naɗe mariƙin keken da tef mai kauri. Kamar an canja min keke. Bai zama katifa ba, rami rami ne har yanzu, amma yanzu ina yin awa uku in sauka in tafi harkata, kuma gudun bai ragu ba ko kaɗan, a gargada ma ƙaruwa ya yi tunda tayar ta daina tsalle. Matsalar ita ce 28 ɗin ce iyakarsa, birkin ba zai bar wadda ta fi ta shiga ba, da zan sake saye mai birkin faifai zan nema ko don in sa 32.

Sirdin da ya zo da shi na cire, ba ma sai na yi dogon bayani ba.

Wahalar da ban yi lissafinta ba ita ce ta gyara. Bakin tif ɗinsa siririn nan ne, mai faci na bakin titi famfonsa ba ya kamawa, dole ka yi yawo da naka famfon da tif biyu a aljihu. Ƙurar hunturu kuma tana cin sarƙa, in ban wanke na sa mai duk sati ba sai giya ta fara ƙara tana tsallake. Wayoyin nan da ke cikin firam masu kyan gani, ranar da ta giya ta tsinke sai da muka yi awa biyu da bakanike muna zura zare da maganaɗisu kafin sabuwa ta fito. Sannan in firam ya tsage kada ka ce za ka kai wa mai walda na unguwa, irin wannan alminiyam ɗin bayan walda sai an sake gasa shi a wuta ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo. Amma fa yana da juriya, ya taɓa faɗuwa ya bugi gefen kwalbati, ɗan loɓawa kawai ya yi na ci gaba da hawa, da kabon ne da ban yi barci ba ina tunanin ko ya tsage ta ciki. Tsatsa kuma babu, duk damina na yi da shi.

Masu raina shi suna cewa ai alminiyam na talaka ne, ni dai abin da nake tuna musu shi ne Marco Pantani, ɗan tseren Italiya, da keken alminiyam ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France a 1998. Ya ci kuɗinsa a wajena, in har kana fita hanya mai nisa kana son gudu, kuma ka ware wani abu na taya da sirdi tun farko. In zuwa kasuwa ne da ɗauko cefane kada ka soma, ko kariyar ɗaukar kaya ba shi da wurin ɗaurawa. Ni yanzu taya 28 ta ajiya nake nema, na zaga Sabon Gari sau biyu ban samu ba, in wani ya san inda ake da ita a Kano ya taimaka min.