Na canja wa EOD ɗita hedar salansa a Birnin Kebbi, ga yadda aikin ya kasance

Salam 'yan uwa masu harkar mota. Yau wata huɗu kenan da na cire manifol ɗin salansar motata, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga kan inji, na sa heda, wato manifol mai dogayen bututu, kuma tun lokacin duk wanda ya ji tashinta a majalisa sai ya tambaye ni waye ya yi aikin, kuma wai da gaske ta ƙara ƙarfi ko dai ƙara ce kawai, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta.

Motar Honda Accord ce 2005 wadda muke cewa EOD, inji K24 mai silinda 4, lita 2.4, doki 160 daga kamfani, giya otomatik. Asali ba neman gudu ya kai ni ba, manifol ɗin ne ya tsage, kullum da safe in na tada ta sai ka ji tak tak tak daga bayan inji har sai ta yi zafi, ga warin hayaƙi yana shigowa ciki in na tsaya a go-sulo. An liƙe min sau biyu da waldar kabaid yana sake buɗewa. To da na ga dole sai an canja sai na ce bari in gwada heda, wani ɗan uwana da ke Legas ya nemo min ta sitenles a Ladipo, samfurin 4-2-1, ya sako min a mota.

Wanda ya ɗaura min wani dattijo ne mai walda da gyaran salansa a nan cikin gari, rumfar kwano ce kawai da rami ɗaya da yara biyu, ba za ka kalli wurin ka ce ana aikin kirki ba. Abin da ya fara burge ni, ko sifana bai ɗauka ba sai da ya ɗora rular ƙarfe a fuskar hedar, wato faranti ɗin da ke manne da kan inji, ya ɗaga ta saitin rana ya ce in leƙo. Wallahi haske na wucewa ta tsakiya. Ya ce min, "Ɗana, wagga in an ɗaura ta haka nan gaskit ba shi kai sati, sai mun goge ta tukun." Ya kwashe kusan awa biyu yana goga yana aunawa. Da wani ne da tuni ya danna noti ya shafe da gam ya karɓi kuɗinsa.

Ga wanda bai san amfanin abin ba, inji mai silinda 4 ba lokaci ɗaya yake fitar da hayaƙi ba, bi da bi ne, 1 sai 3 sai 4 sai 2. Kowane hayaƙi in ya fita da ƙarfi yana barin 'yar zuƙa a bayansa, to in bututun suna da tsawo daidai wannan zuƙar ce ke janyo hayaƙin silinda mai biyowa, silindar ta wanke tas, sabuwar iska da mai su samu wurin shiga. Shi manifol na kamfani an yi shi ne don arha da rashin ƙara, gajere ne. Ita 4-2-1 tana haɗa silinda 1 da 4 wuri ɗaya, 2 da 3 wuri ɗaya, saboda ba sa bin juna a tashi, sannan biyun su haɗe can ƙasa, wannan ke ba mota ƙarfi a tsaka-tsaki. Ita kuwa 4-1, mai haɗa huɗun gaba ɗaya, sai allurar juyin inji ta hau can sama take nuna kanta, ta masu tsere ce, mu da muke yawo tsakanin Gesse da kasuwa ba ta da wani amfani gare mu.

Inda muka ɗan ja da Baba shi ne maganar indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Abokaina duk sun zuga ni wai in fasa ta a zubar mota ta numfasa, ni ma na zo da wannan niyyar. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Mi ta yi maka? Lafiyarta lau." Ya haska min cikinta da tocila, saƙar nan mai kama da gidan zuma tana nan fes ba ta toshe ba. Ya ce in aka cire, sensar da ke bayanta za ta kunna wutar cek inji, hayaƙi ya dinga wari, kuma ƙarfin da zan samu bai taka kara ya karya ba. Ku duba fa, cikin indomi akwai ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa ake sayenta da kuɗi mai kauri har ake sace ta a ƙarƙashin motoci, da ya cire ya ce min ta lalace ban da yadda zan gane. Amma ya mayar min da abata a gabana. Wannan kaɗai ya sa har gobe ba ni da wani mai salansa sai shi.

Haɗin ƙasa bai zo daidai ba, sai da ya yanka ya ƙara guntun bututu, kuma da waldar agon ya yi, ya ce sitenles ba ya son kabaid. Ya sa min sabuwar raga, wannan bututu mai lanƙwasa da ke shanye girgizar inji, ya ce in babu ita heda daga wuya take tsagewa. Ɗinkin waldar ya fito kamar an jera kwabbai.

To sakamako. Gaskiya tsakani da Allah daga tsaye zuwa giya ta biyu ban ji wani bambanci ba. Inda na ji shi ne a hanyar Kalgo zuwa Jega in zan wuce tirela, da allura ta wuce 3 ta doshi 5 motar tana buɗewa da sauƙi, ba wannan nauyin da nake ji da kamar an riƙe ta ta baya. Doki kaɗan ne aka ƙara ba mai yawa ba, tunda ban taɓa birenbos ba, wato kwamfutar mota, kuma sauran salansar duk na kamfani ne. Sautinta ya ɗan yi kauri amma ba irin hargowar nan da samari ke yi da dare suna hana unguwa barci ba, su fa huda tukunyar baya kawai suke yi, ƙara ta ƙaru ƙarfi bai ƙaru ba, wani lokaci ma in bututu ya yi faɗi da yawa raguwa yake a ƙasa. Shan mai kuwa yana nan yadda yake, duk wanda ya ce maka heda za ta rage maka kuɗin fetur a wannan tsadar da muke ciki tun 2023 kar ka ɗora lissafinka a kai.

Abin da bai min daɗi ba shi ma zan faɗa. Ya ce kwana ɗaya, aiki ya ci kwana uku, rashin wuta da jiran gas, ga ba wurin zama sai benci ɗaya cikin ranar Kebbi. Sannan yaronsa ya bar wayar sensa tana kusan taɓa bututu, a K24 salansa ta bayan inji take wajen bangon da ke raba inji da cikin mota, wurin matsattse ne ga wayoyi ga tiyo, kuma heda ta fi na kamfani fitar da zafi tunda murfin kariyar nan ba ya komawa kanta. Kwana biyar na fara jin ƙaurin roba, na koma, Baba ya yi wa yaron faɗa a gabana ya ɗaure wayar nesa ya naɗe bututun da ƙyallen zafi, bai karɓi ko sisi ba. Hedar kuma ta ɗan sauko ƙasa, yanzu a kan bamp sai na bi a karkace.

Masu Accord Evil Spirit daga 2008 da masu Civic 2006 mai inji R18 kar ku ɓata kuɗinku, naku manifol ɗin a cikin kan inji aka zuba shi, rami ɗaya ne ke fitowa, babu inda heda irin wannan za ta zauna. Wani abokina har ya kusa tura kuɗi Legas sai da Baba ya buɗe bonet ya nuna masa da yatsa.

Kuɗin aikinsa ya ɗara na sauran masu walda kaɗan, ban yi ciniki sosai ba bayan abin da na gani. Ya ce in dinga leƙowa yana duba notocin saboda zafi da sanyi na sassauta su, na je sau ɗaya ya ƙara ɗaure biyu, ranar Asabar in sha Allah zan sake komawa kafin tafiyata Argungu.