Wasiƙa daga Manchesta: neman inshorar tafiya ga mai ciwon daji

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da Hajiya, da sauran mutanen gida na Tudun Wada, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini a waya, wato me ya hana ni sayen tikiti tun da likita ya amince in zo gida. Na ga ya dace in yi bayanin a rubuce, domin akwai 'yan uwanmu da yawa a nan Ingila da ke cikin irin halin da nake ciki, kuma danginsu na gida suna ɗauka ko ƙin zuwa suke yi.

Kamar yadda ka sani, ciwon dajin da aka samu a hanjina ya bazu zuwa hanta, kuma likitoci sun faɗa mini ƙarara cewa maganin da ake ba ni na rage masa gudu ne, ba na warkarwa ba. Ana duba ni a asibitin Christie, wanda yake cikin manyan cibiyoyin maganin daji a Turai, kuma daga hoton ciki har ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ban taɓa biyan ko sisi a bakin ƙofa ba, saboda hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa a 1948, da kuɗin haraji take kula da mazauna ƙasar. Sai dai wannan gata iyakarsa bakin iyakar ƙasa. Akwai wani kati da ake kira GHIC, wanda ke ba mutum damar samun kulawar gaggawa a asibitocin gwamnati na ƙasashen Tarayyar Turai, amma ba ya aiki a Najeriya, kuma ko a Turan ba ya biyan kuɗin dawo da marar lafiya. Saboda haka duk wanda zai fita dole ya nemi inshorar tafiya daga kamfani mai zaman kansa, kuma a nan ne na sha wuya.

Mai lafiya yakan sayi wannan inshora a intanet cikin mintuna kaɗan, a kan kuɗin da bai kai na cefanen mako ba. Ni kuwa da zarar na amsa cewa ciwon ya bazu, sai shafin ya rufe. Kamfanoni uku sun ƙi ni kai tsaye, na huɗu ya ce zai karɓe ni amma ban da duk abin da ya shafi ciwon daji, wanda daidai yake da a sayar wa mutum laima a ce ban da ranar ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ƙungiyar Macmillan, wadda ke taimaka wa masu wannan ciwo, ita ce ta nuna mini jerin kamfanonin da suka ƙware a kan masu rashin lafiya a shafin MoneyHelper, mai ba da shawara kan harkokin kuɗi. Ashe tun 2021 hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta wajabta wa kamfanin da ya ƙi mutum saboda ciwo ya nuna masa irin wannan jeri. A ganina wannan doka ce mai kyau, kuma da hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a gida za ta yi koyi da ita da an amfana.

Da na kira ɗaya daga cikin kamfanonin da ke jerin, mun shafe kusan awa guda da wata mata, matata na zaune kusa da ni riƙe da fayil ɗin asibiti tana miƙo mini takardu ɗaya bayan ɗaya. Matar kamfanin ta tambayi ranar da aka gano ciwon, da sassan jikin da ya kai, da ranar kemo na ƙarshe, da ko ina jiran sakamakon wani gwaji, da irin maganin rage zafin da nake sha. Daga nan ta ba ni haƙuri, ta ce dole ta tambaya ko likita ya yanke mini wa'adin da ya rage. Na ce mata wa'adi na Allah ne, amma likita bai ambaci adadin watanni ba. Ta ce amsar likitan ce za ta rubuta. Yaya, ban ɓoye mata komai ba, kuma ina gargaɗin duk wanda zai karanta wannan kada ya ɓoye, domin ranar da aka nemi kamfani ya biya sai ya karɓi bayanan asibiti ya duba, kuma idan ya ga an rage wani abu yana iya ƙin biya gaba ɗaya.

Kuɗin da ta ambata na tafiyar mako uku ya zarce na tikitina da na matata a haɗe, na kuma yarda zan biya. Amma da ta ji cewa Kaduna za ni, sai ta dakata. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta sa Kaduna cikin jihohin da take gargaɗin mutane game da zuwa saboda matsalar tsaro, kuma yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin wanda ya je wurin da aka yi gargaɗi a kansa. Wato ko mai lafiya ƙalau ne inshorarsa na iya faɗuwa da zarar ya shiga jihar. Wannan ya fi tambayar wa'adin yi mini ciwo, domin garin da aka haife ni ne ya koma wurin gargaɗi a taswirar wani ofishi. Har yanzu ina neman kamfanin da zai haɗa abu biyun nan, ciwon da kuma wurin, kuma na koyi cewa sai an ba ni amsa a rubuce kafin in biya.

Cikin abin da ta karanto mini akwai kuɗin dawo da gawa Ingila. Na ce mata wannan sashe ba na bukatarsa, domin idan ta Allah ta kasance ina gida, a gida za a yi mini sutura a rufe ni a ranar, kusa da Baba. Abin da nake tsoro shi ne tsakatsaki: hanji ya toshe, ko zazzaɓi ya kama ni a lokacin da kemo ya karya garkuwar jikina, a bukaci jirgin ɗaukar marasa lafiya, wanda kuɗinsa zai iya cinye gidan gado.

Idan na kwatanta da gida, kowane ɓangare da nasa. A can akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, kuma dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma kai ma shaida ne cewa yawancin masu ciwon daji daga aljihunsu da na dangi suke biyan magani da gashin ciwon da na'ura. Inshorar tafiya kuwa mutanenmu ba sa saninta sai lokacin neman bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, wadda ke bukatar inshorar da ta kai yuro 30,000, a saya domin ofishin jakadanci a jefa cikin jaka ba tare da an karanta ba. Ga mai ɗar-ɗar da inshora ta fuskar addini, yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a Najeriya. Abin da gida ya fi nan da shi kuwa mutane ne. A nan na yi kwana biyar a kwance a asibiti, matata kaɗai ke shiga da fita a lokutan da aka ƙayyade, alhali a gida da sai an riƙa ba masu dubiya haƙuri.

Ga abin da na shirya. Likita zai ba ni takardar shaidar cewa zan iya shiga jirgi, kuma za a tsara tafiyar tsakanin zagayen kemo biyu. Tafiyar Landan zuwa Abuja kusan awa shida ce, kuma mai ciwon daji ya fi saurin samun daskarewar jini a ƙafa, don haka zan sa safa ta musamman in riƙa tashi ina takawa. Maganin mofin da nake sha don rage zafi yana cikin magungunan da doka ta tsaurara, saboda haka zan riƙe shi cikin kwalinsa a jakar hannu tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunana da adadinsa, saboda jami'an NDLEA. Zan kuma sha rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin shekarun da na yi a waje sun raba jikina da sabon da ya yi da shi.

Abin da nake roƙonka, Yaya, shi ne ka je Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ka samo mini likita a sashen ciwon daji wanda zan aika wa bayanaina tun kafin in taso, ka kuma bincika asibitin da ya fi kusa da gida wanda zai iya yin gwajin jini cikin dare. A gyara mini ɗakin ƙasa, a ɗaura gidan sauro. Hajiya kuwa kada a faɗa mata rana tukuna, sai takardar inshorar ta shigo hannuna. Ka gaishe ta da kyau, ka ce ina neman addu'arta.