Gejin awon ƙarfin mai: abin da na gani da na gwada shi a Corolla

Duk mai mota ya san yadda ake yi a gareji idan mota ta fara fizga ko tana wahalar tashi da safe. A canza filogi, a wanke nozul, a ce koyil ne, daga ƙarshe a ce famfon mai ya gaji. Kowanne da kuɗinsa, kuma galibi lalube ne. Wannan ne ya sa na sayi ɗan akwatin nan na gejin awon ƙarfin mai, wato matsin da famfo ke turo mai da shi zuwa inji, ƙirar Caina, wanda kuɗinsa bai kai na sabon famfo mai kyau ba, na gwada shi a Corolla tawa ta 2006 mai injin 1ZZ-FE.

A cikin akwatin akwai gejin kansa mai alluran da ke nuna psi da bar (ma'aunan matsi ke nan), da tiyo, da tarin mahaɗai na tagulla. Gejin ba shi da laifi: lambobinsa manya ne, allurar ba ta rawa. Mahaɗan ne matsala. Motocin Amurka da yawa suna da ɗan bawul a kan bututun nozul irin na tayar mota, ka ɗaura kawai ka karanta. Toyota ba ta sa wannan ba. Dole ka cire tiyon da ke kawo mai, ka sa mahaɗi mai baki uku a tsakani. Wanda ya zo a akwatin bai zauna daram ba, yana ɗan tsatsafo, sai da Malam bakanikena ya ƙara masa kilif biyu. Fetur a kusa da inji mai zafi ba abin wasa ba ne, don haka wannan babban aibi ne a wurina. Takardar bayanin ma ba ta da amfani, ko adadin matsin da ya kamata kowace mota ta nuna ba ta kawo ba.

Kafin a kwance komai sai an sauke matsin da ke cikin layin. Mun zare soket ɗin famfo a ƙarƙashin kujerar baya, muka bar injin ya ci har ya mutu da kansa, sannan muka naɗe mahaɗar da tsumma. Wani abu kuma: a wannan motar famfo ba ya kuka don ka murɗa makulli kawai, sai inji yana juyawa. Yaran gareji da ke kasa kunne a bakin tanki su ce "Oga, famfo ya mutu" sun sha jawo wa mutane asara a kan haka.

Ƙa'idar Toyota ga wannan injin ita ce psi 44 zuwa 50, kuma bayan an kashe mota kada ya sauka ƙasa da 21 cikin minti 5. Tawa a silo ta nuna 46. Da a nan muka tsaya, da mun wanke famfo da tanki daga zargi. Sai Malam ya ce, "Alhaji, taka mata wuta sosai mu gani." Ina takawa allurar ta zube zuwa talatin da 'yan kai, ta dawo a hankali kamar mai ciwon ƙafa. A irin wannan motar da ba ta da tiyon mayar da mai tanki, regileta mai daidaita matsin na cikin tanki tare da famfo, kuma matsin bai kamata ya motsa sosai ba ko an taka ko ba a taka ba. Faɗuwarsa na nufin man da ke zuwa bai isa ba. Da muka kashe motar, matsin ya tsaya sama da 21 ɗin, wato nozul ba sa ɗiga, kuma mai ba ya komawa baya. Faɗuwar matsin kuma ta dace da lambar P0171 da kwamfuta ta nuna, wadda ke cewa iska ta fi mai yawa.

Da aka ciro famfon, rariyar da ke gindinsa ta yi baƙi ƙirin, ta dame da laka da tsatsa. Aka canza ta da filta, allura ta tsaya cak ko an taka. Ban yi mamaki ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yawancinmu a kan jar wutar ƙarewar mai muke yawo, ga man 'yan bumburutu da ake ɗurawa daga jarka idan an matsu. Famfo kuwa man tankin ne ke sanyaya shi.

Ba komai ne geji ke faɗa maka ba. Matsi na iya faɗuwa saboda wuta ba ta isa famfo ba, rile ko waya ta ci, don haka a auna wutar kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano sayen wani famfon. Kuma kada a kai gejin kan motar dizal ko sababbin injuna masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, matsinsu ya ninka ƙarfin wannan gejin nesa ba kusa ba. Mai gareji ya sayi gejin, amma ya nemi mahaɗin Toyota mai kyau daban. Mai mota ɗaya kuwa, ya isa ya nemi garejin da ke da shi, ya ce a auna a gabansa.