The Exorcist ko The Nun: wanne zai kwana a ranka?

Ɗan'uwa, tunda ka tambaya wanne za ka kalla tsakanin waɗannan finafinan ban tsoro biyu, The Exorcist da The Nun, ɗauki The Exorcist ka huta.

Har yau ina da faifansa, duk ya kakkarce amma na ƙi rabuwa da shi. Fim ne na 1973, William Friedkin ya ba da umarni. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 12 mai suna Regan, a unguwar Georgetown ta birnin Washington, da aljani ya shige ta. Kada ka sa ran firgita tun daga farko. A Iraƙi ake buɗe shi, wajen tonon kayan tarihi, har kiran salla za ka ji. Daga nan abin ke tafiya a hankali. Uwar ta yi ta yawon asibiti da 'yarta, a yi wannan gwaji a yi wancan, a ƙarshe likitocin da kansu suka ce ta nemi malaman coci. Nan ne ya fi kama ni, don duk wanda ya taɓa ganin an ce wa mara lafiya "ba mu ga komai ba", aka dawo gida aka koma ruƙiyya, ya san wannan tashin hankalin.

Na taɓa sa wa ƙanena da abokansa. Da farko sai dariya suke wa tufafin mutanen da. Muryar yarinyar na canjawa, kowa ya yi gum. Da aka gama, wanda ya fi su baki ya ƙi zuwa bayi sai da aka raka shi da tocila, har gobe ana tsokanarsa. Ka lura da tururin da ke fita daga bakin 'yan wasan a ɗakin yarinyar, ba dabarar kwamfuta ba ce, sanyaya ɗakin aka yi da gaske. Shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar.

The Nun kuwa, na 2018, wanda labarinsa ke faruwa a Romaniya, hotonsa da kyau, ba laifi. Amma duhu ne da ƙara: a yi shiru, a buga sauti, ka zabura. Kafin gari ya waye ka manta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu turin fim. Akwai Exorcist II na 1977, akwai kuma The Exorcist: Believer na 2023, sai a tura maka ɗaya a ce shi ne na asali, alhali ko kusa ba su kai shi ba. Wani ma wanda aka ɗauka da waya a silima zai ba ka. Ka sa a buɗe a gabanka, in ba ka ga Iraƙi a farko ba, kada ka biya. Wanda aka sake fitarwa a 2000 da ƙarin wasu wurare shi ma na gaske ne.

Sai dai akwai zagi da batsa sosai a bakin aljanin, don haka ka bari yara su kwanta, kuma kada ka kunna a gaban Hajiya.