Burushin lantarki ya rage min kantsa, amma ba shi kaɗai ke tsare haƙori ba

Wanda zai sayi burushin lantarki don gudun kada a kai ga taɓa masa jijiyar haƙori, ya saya, sai dai kada ya ɗauka magana ta ƙare. Na jima ina amfani da irin mai ƙaramin kai zagayayye, wanda ke juyawa hagu da dama da sauri, har na sha sauya masa kai, don haka na san abin da yake iyawa da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Abin da ya kai ni saye shi ne wani hoto da likitan haƙori ya ɗauka. Ya nuna min ɗan duhu a gefen wani haƙorin tauna, daidai inda ya jingina da maƙwabcinsa. Ba ciwo, ba ramin da harshe zai ji. Ya ce ruɓewar tana nan a ɓawon waje mai tauri, wanda suke kira inamel, kuma a wannan mataki ba sai an huda ba, ana iya tsayar da ita. In ta ratsa inamel ta shiga dentin, ɓangaren da ke ƙarƙashi wanda ya fi laushi, gudunta ƙaruwa yake, sai ciko. In kuma ta zarce tsakiyar haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke, to ƙwayoyin cuta sun samu masauki. Daga nan zaɓi biyu ne: a cire haƙorin, ko a huda shi a kwashe jijiyar, a wanke ramukan saiwa da wasu siraran ƙarafa, a cike su da wani irin roba, galibi kuma a sa masa hula. Aiki ne mai ceton haƙori, da allurar kashe zafi ake yinsa, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Amma dai ba wanda ke marmarinsa.

Abin da ya fi burge ni a na'urar ba ƙarfin juyawarta ba ne, agogonta ne. Duk bayan daƙiƙa 30 sai ta ɗan sarƙe, alamar a koma wani kwata na baki, har minti 2 su cika. Sai mutum ya tsaya gaban madubi yana jiran wannan sarƙewa yake gane tsawon minti 2. Akwai kuma wata fitila da ke kunnuwa ja in an danna da ƙarfi, kuma tana da amfani, domin dirza da ƙarfi dasashi yake janyewa, ba tsafta yake ƙarawa ba. Ba a ma dirzawa da wannan burushi. Ɗora shi ake yi a kan haƙori ɗaya, a karkata shi wajen bakin dasashi, a ɗan dakata, a matsa na gaba. Wurin da na fi ganin bambanci shi ne bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda kantsa ta saba taruwa ta yi tauri. Yanzu in na bi wurin da harshe, sumul nake ji har yamma. Ɗan jinin da nake gani a kumfa ma ya ɗauke.

Yana da nasa aibu. Ƙara gare shi, wanda ke barci kusa zai san ana goge baki. In aka kunna shi kafin ya shiga baki, man ya fantsama ke nan har kan riga. Wani ruwa mai yauƙi kan taru a ƙarƙashin kan, dole a riƙa zare shi ana wankewa. Sannan kan nan sai an sauya shi kusan duk wata 3, wato sayen bai ƙare a ranar farko ba.

Ba ni kaɗai na ga raguwar kantsa ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2014 ta tattara gwaje-gwaje da dama, ta ce bayan wata 3 burushin lantarki ya fi na hannu rage dattin da ke manne wa haƙori da kashi 21 cikin ɗari, kumburin dasashi kuma da kashi 11. Sai dai a lura da abin da aka auna: datti da dasashi. Ruɓewa kuwa, babban makamin yaƙar ta yana cikin man goge bakin.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin da ke zaune a dattin nan, irin su Streptococcus mutans, sukari suke ci su fitar da tsami. Da tsamin ya yi yawa, har ma'auninsa da ake kira pH ya sauka ƙasa da kusan 5.5, inamel ya fara narkewa. Yawu ne ke zuwa ya wanke, ya mayar da ma'adinan da suka zube, amma yana buƙatar lokaci, kamar rabin awa ko fiye. Shi ya sa mai kurɓar abu mai zaƙi kaɗan-kaɗan tun safe har dare ya fi cutar da haƙoransa a kan wanda ya shanye lokaci guda tare da abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa, haɗe da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a abincin yini, in ya yi ƙasa da kashi 5 ya fi. Sinadarin fuloraid kuma shi ke taya yawu gyara, ya sa ɓawon ya fi jure tsami. A juya bayan kwalin man a karanta: fuloraid ɗin na manya ya kamata ya kasance tsakanin 1,350 da 1,500 ppm, wato kashi cikin miliyan, da yawa za a ga an rubuta 1,450. Kuma in an gama, a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa. Da farko bakin kan yi wani iri, amma ana sabawa. Gogewar dare ta fi kowacce muhimmanci, domin yawu raguwa yake in an yi barci.

Duk da haka duhun nawa a tsakanin haƙora yake, kuma babu gashin burushin da ke shiga wannan lungu, na lantarki ne ko na hannu. Likitan ya gwada min wasu 'yan mitsi-mitsin burusai masu siririyar waya, kowane girma da kalarsa, ya zaɓar min wanda ke shiga ba tare da tilas ba. Inda haƙora suka matse sosai kuma sai zare. Ranar da na fara, bayan na gama gogewa da na lantarki ina ganin bakina fes, na zura ɗan burushin tsakanin haƙoran tauna biyu na baya, na zaro. Ga wani farin abu mai laushi a jikinsa, ga wari. A nan na san matsayin na'urar da nake ta yabo.

Da na koma dubawa, sabon hoto ya nuna duhun yana nan inda yake, bai ci gaba ba. Likitan ya shafa wa wurin wani fenti mai ɗanko na fuloraid, mai ƙarfin 22,600 ppm, ya ce in ɗan jinkirta ci da sha. In zan raba yabo, fuloraid da rage yawan zaƙi tsakanin abinci su ne a gaba, ɗan burushin tsakani ya biyo, na lantarki ya zo ƙarshe. Ya fi dacewa da mai gaggawa, da mai danna hannu, da wanda ciwon gaɓoɓi ya hana shi sarrafa burushi. Mai haƙurin yin minti 2 da burushin hannu mai laushi, sau 2 a rana, bai yi wata babbar asara ba.

Akwai kuma matakin da babu ɗaya cikin waɗannan da zai yi magani. In zafi ya daɗe bayan an sha abu mai sanyi ko mai zafi, ko haƙori yana zuga da dare ba tare da an taɓa shi ba, ko ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fitar da mugunya, to sai kujerar likita. Ciwon da ya yi tsanani sannan ya ɗauke da kansa ma ba lallai sauƙi ba ne, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin kuma suna ci gaba zuwa ƙashi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na iya lafar da kumburi, amma ba ya kwashe abin da ya ruɓe a ciki. Kumburin da ya haura fuska, ko ya zo da zazzaɓi ko wahalar haɗiya, ba a kwana da shi a gida.